Shamuwar Gidan Kawu: Tafiyarmu Wurno, Goronyo Da Rabah

Na san da yawanku in aka ce ga wani magidanci can ya baro gidansa da asuba, ya rataya madubin hangen nesa a wuya, ya nufi fadama, ba harbi za shi ba, ba kuma tarko zai ɗana ba, sai don kawai ya kalli tsuntsu ya rubuta sunansa a littafi, cewa za ku yi wannan bawan Allah ya rasa aikin yi. To, irin mijin da Allah ya ba ni ke nan. Malamin ilimin halittu ne a wata sakandare a Kano, kuma tun muna amarci na san ina da kishiyoyi masu fukafukai. Tun ina yi masa tsiya har ni ma abin ya shiga raina.

Kuma aikin ba na banza ba ne. A Laminga kusa da Jos akwai cibiya sukutum ta nazarin tsuntsaye mai suna A.P. Leventis, sannan tun 2015 aka fara wani shiri na ƙidayar tsuntsayen Nijeriya wanda 'yan sa-kai irin Malam suke aika wa rahoton abin da suka gani. Da irin wannan rahoto ake gane wane tsuntsu ne yake ƙaruwa, wane ne kuma yake shirin ɓacewa. Sai dai akwai wani hanzari ba gudu ba. A ƙasar Hausa tsuntsu ba a daji kaɗai yake ba. Yana bishiyar tsakar gida, yana mashayar da mata suke wanki, yana gonar wani. Duk inda ka saita madubi don ka ga tsuntsu, akwai mutum a ƙarƙashinsa. Abin da na gani ke nan da idona a tafiyar da muka yi gabashin Sakkwato, shi ne nake so in ba ku labari.

WURNO

Mahaifiyata 'yar Wurno ce, don haka da aka sa bikin 'yar Kawu a ƙarshen watan Afrilu, dole muka shirya. Daga Sakkwato muka bi ta Achida, rana tana dukan mota kamar ta narkar da ita, sai ga Wurno a kan tudunta, fadamar Gulbin Rima shimfiɗe a ƙasa. Tun daga bakin gari ƙamshin tafarnuwa ya tarbe mu, domin an gama cire ta, ga ta nan buhu-buhu tare da albasa.

Wurno ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nan ya rasu a 1837, hubbarensa kuma yana nan ana ziyarta. A 1853, zamanin ɗansa Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya yi makonni a garin. Shi ma mutum ne mai yawo da littafi yana rubuta duk abin da ya gani, amma bai kama hanyar Tambutu ba sai da ya sami takarda daga hannun Sarkin Musulmi. Malam yana yawan kawo wannan misali, ya ce in Bature ya san da haka shekara 170 da suka wuce, ɗan ƙasa ba shi da uzuri.

Shi ya sa kafin ya ciro madubinsa daga jaka, sai da Kawu ya kai shi wurin mai unguwa. Ya nuna takardar shaidar aikinsa, ya buɗe littafin hotunan tsuntsaye, ya kuma miƙa wa dattawan madubin kowa ya leƙa. Aka yi ta dariya, wani tsoho har da ja da baya ganin hasumiyar masallaci ta taso masa. Daga nan kowa ya san surukin gidan Kawu ne, mai kallon tsuntsaye, magana ta ƙare.

A tsakar gidan Kawu akwai wata tsohuwar tsamiya, a kanta kuwa sheƙar shamuwa har huɗu. Kun dai san shamuwa, baƙa mai farin ciki, kuma kowa ya gan ta da kushinta ya gan ta. Rabin shekara takan yi a can kudancin Afirka, in bazara ta yi sai ta ƙetaro ta zo ta yi ƙwai a nan, shi ya sa manomi in ya gan ta yakan fara gyaran gona. Fara da tsutsa take ci, ba ta taɓa hatsi, kuma ita da kanta take zaɓen zama cikin mutane. Inna, matar Kawu, ta ce da ni, "Ɗiyata, tun da anka kawo ni gidanga nika ganin su. Duk yaron da yaj jefe su sai ya sha kashi."

Malam ya ƙwallafa rai a kan sheƙar nan, amma gidan cike yake da mata 'yan biki. Bai ko ɗaga madubi daga waje ba. Ni ya aika in gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Kawu, Kawu ya ce a bari sai da safe. Washegari bayan an karya kumallo aka aiki yaro ya sanar, mata suka kimtsa, wasu suka shige ɗaka, sannan Kawu da kansa ya shigo da shi. Ya tsaya gindin tsamiya, idonsa a sama, ya ƙirga, ya rubuta, ya yi godiya ya fita. Duka-duka bai fi minti goma ba. Da ya fita wata gwaggo ta ce, "Wanga miji naki shina da kunya."

Da yammacin ranar ne abin ya faru. Muna tsakar gida ana yi wa amarya lalle, ita da ƙawayenta daga su sai ɗaurin ƙirji saboda zafi, wata kuma tana wanka a bayan zana, don kun san banɗakin ƙauye ba shi da rufi. Kwatsam sai wata yarinya ta ƙwalla ƙara tana nuna katanga. Muka ɗaga kai, sai ga kan mutum ya zarce katangar, da wata kyamara mai dogon baki kamar turmi. Jama'a, zo ku ga gudu! Amarya ta taka kwanon lalle, tsofaffi suna salati, shamuwa ma duk suka tashi.

Ashe wani abokin ango ne da ya zo daga birni, irin samarin nan masu ɗaukar hoton tsuntsaye suna zubawa a Instagram. Ya hango shamuwa, sai ya haye rufin motarsa. Kafin ya sauko samarin unguwa sun kewaye shi da sanduna, kalma guda kawai kake ji tana tashi: "Infoma na! Infoma na!" Wallahi ba don Kawu da mai unguwa sun fito da sauri ba, da Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Aka shigar da shi zaure yana rantsuwa cewa shi tsuntsu kawai ya ɗauka. Aka kira Inna ta duba hotunan ita kaɗai. Da gaske tsuntsu ya nufa, amma a ƙasan hoto uku ga 'yan mata nan. Aka goge su a gabanta. Dangin amarya suka ce ba za su miƙa 'yarsu ga mai irin waɗannan abokai ba, sai da uban ango ya zo da kansa ya ba da haƙuri bayan sallar isha'i. Auren da aka shekara ana shiri, saura ƙiris hoton tsuntsu ya wargaza shi.

Malam ya zauna da yaron daga baya. Ya ce masa, "Ƙanena, kai ka san tsuntsu ka saita, amma wadda take ciki ta yaya za ta sani? Ita baki kawai ta gani ya leƙo." Ya tuna masa cewa Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, ta hana shiga gidan wani ba da izini da sallama ba, ta kuma ce in aka ce ka koma to ka koma, kuma malamai sun bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin. Wanda ya tura idonsa ta kan katanga ya riga ya shiga. Ya ƙara da cewa ita ma shamuwar an cuce ta, domin in uwa ta tashi daga kan ƙwai a irin wannan rana, ko zafi ya dafa shi ko hankaka ya ɗauke.

Kada ku ce mu kaɗai ke da wannan matsala. A watan Yunin 2011 wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda gidansu can wajen Turkiyya da Iran ne, ya ɓace hanya ya faɗa garin Hartlepool a Ingila, ya shige lambun gidan wani likita. Sai ga manyan mutane da tsani suna hawa, wasu a kan rufin mota, suna leƙe ta kan katanga, jaridu suka yi ta buga hotonsu. A watan Fabrairun shekarar kuma wata kurciya 'yar Asiya ta sauka a bayan wani gida a Chipping Norton. Shi wannan mai gidan da kansa ya buɗe ƙofa, ɗaruruwan mutane suka yi layi, kowa ya ba da fam 5, ana shigar da su kaɗan-kaɗan suna kallo ta tagar kicin, kuɗin kuma aka ba masu kare tsuntsaye. Bambancin biyun bai wuce yardar mai gida ba.

GORONYO

Dole in tsaya in yi muku bayanin abin da ya sa kalmar infoma take da nauyi haka. Gabashin Sakkwato ya sha wuya a hannun 'yan bindiga. A Yulin 2018 aka kai hari Tabanni a ƙasar Rabah, mutane suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A Satumban 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar don a toshe masu kai wa ɓarayi labari. A ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, aka kashe fiye da mutum 40. Mutumin da ya binne ɗan'uwansa, in ya ga baƙo yana hangen garinsu da madubi yana rubutu, ba tsuntsu ne zai fara zuwa ransa ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Don haka ba mu tafi Goronyo ba sai da Kawu ya yi kwana biyu yana tambayar lafiyar hanya, ya kuma haɗa mu da wani dattijo masunci, abokinsa. Sharaɗin Kawu shi ne mu fita bayan rana ta fito, mu dawo kafin la'asar, duk inda dattijon ya ce a juya a juya.

Madatsar ruwan Goronyo abin kallo ce. An gama ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, kuma da ruwanta ake shayar da Sakkwato, ake noman rani a gangaren Rima. A 2010 ambaliya ta ci garuruwa da gonaki a ƙasanta, a 2018 kuwa ruwan ya ja baya har ya rage kusan kashi 10 cikin 100. Da yake wurin gwamnati ne, sai da muka yi sallama da masu gadi, suka ce a kalli tsuntsu amma ban da ɗaukar ƙofofin ruwa da wurin jami'an tsaro. Malam ya ce ya ji ya yarda.

Kai, Allah mai halitta! Kirinjijiya garke guda suna fito kamar 'yan makaranta, dinya ta wuce da nauyinta, zalɓe a tsaye kamar mai tunanin bashi, belbela a bayan shanun Fulani tana ci da motsin wani, zakaran ƙeƙuwa kuwa sai tsegumi yake yana tona mana asiri. Malam ya ce wanda ya zo da hunturu zai tarar da baƙin agwagi da suke ƙetaro Sahara daga Turai.

Amma abin da ya kawo shi shi ne ladin kogi, wani ɗan tsuntsu mai toka-tokan baya da ruwan goro a ciki, da baƙin zane a ido kamar ya sa kwalli. Turawa sukan biya kuɗin jirgi don su gan shi. A cikin yashi yake binne ƙwansa, in rana ta yi zafi ya je ya jiƙa gashin cikinsa ya zo ya sanyaya shi. Dattijo ya ce ya san inda suke a gangaren gulbi, sai dai wurin mashaya ce. Da muka doso, tun daga nesa muka jiyo muryar mata da bugun wanki. Malam ya mayar da madubi jaka, ya zauna gindin wata bishiya ya ba gulbi baya. Ni na ƙarasa na yi sallama.

"Lahiya lau. Mi kuka nema?" in ji babbarsu.

Na ce, "Inna, maigidana ne yake son ganin ladin kogi, shi ne ya ce in tambaya ko za ku ba shi wuri in kun gama."

Suka kwashe da dariya. "Tsuntsu? Tun daga Kano? To shi dakata mu ƙare."

Awa guda da rabi muka yi muna jira, har na taya su matsa zannuwa. Da za su tafi, wata yarinya ta nuna mini daidai tudun yashin da tsuntsayen suke sauka, ta ce kada mu taka can. Muka zauna nesa, ba a jima ba sai ga guda biyu suna 'yan guje-guje a bakin ruwa. Na kalli fuskar Malam, rabon da in ga irin wannan murmushi tun ranar da aka kai ni gidansa. A wayarsa akwai kukan tsuntsun da zai iya kunnawa su matso, amma ya ce mai ƙwai ba a tayar masa da hankali. Ya sallami dattijo da abin da ya sawwaƙa, muka kuma sayi kifi a hannun 'ya'yansa.

A hanyar dawowa Malam ya tambaye shi gauraka. Dattijo ya girgiza kai ya ce, "Da muna yara, garke-garke muka ganin su cikin fadama, suna rawa. Yanzu sai gidan masu kuɗi."

RABAH

Kwana biyu bayan nan muka gangara kudu zuwa Rabah, gaida wata 'yar'uwar mahaifiyata. Nan ne mahaifar Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah. A nan aka haife shi a 1910, ya zama hakimin garin a 1934, kafin a naɗa shi Sardauna a 1938. Gari ne a bakin gulbi, mai natsuwa, mutanensa masu karamci, sai dai kana ganin alamar gajiya a fuskokinsu, kuma kafin magariba kowa ya koma gida.

A wani wuri cikin ƙasar Rabah, wanda ba zan faɗi sunansa ba, muna tafe da hantsi sai muka ji wani kuka mai kauri daga bayan wata doguwar katanga. Malam ya tsaya cak, ya riƙe hannuna ya ce, "Maman yara, gauraka!" Gauraka fa, mai kambun zinariya a ka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, wadda miji da mata suke zama tare shekara da shekaru suna yi wa juna rawa. A da dubbai ne a fadamun Arewa, yau ta kusa ƙarewa a dajin ƙasar nan, saboda fadamu sun zama gonaki, ga kuma masu kama ta suna sayar wa masu son ado a gida. Shekara ashirin Malam yana wannan harka bai taɓa ganin ta ba sai a gidan zu.

Ga katanga, ga wani tudun ƙasa a jikinta wanda ko yaro ya hau zai ga ciki. Malam ya wuce shi ya nemi mai unguwa, aka aika wa mai gidan cewa ga baƙo malamin makaranta yana neman izinin ganin tsuntsuwa. Muka zauna a inuwa. Can ɗan aike ya dawo da ruwan sanyi da goro, ya ce mai gida yana gaisuwa, ya ce a yi haƙuri. Malam ya ce, "A ce mun gode, Allah ya ƙara rufin asiri." Muka tashi.

A mota na ga idonsa ya kaɗa. Na ce, "Malam, ko sunan garin ba za ka rubuta ba?" Ya ce a'a. Ya ce ita ta gida ba a sa ta a ƙidayar na daji. Sannan gidan da aka ji yana da gauraka an san gidan mai hali ne, a wannan zamani kuwa faɗin haka a intanet daidai yake da nuna wa masu satar mutane ƙofa. Ya ce shi a son ransa da ba a tsare ta a gida ba, amma wannan magana ce da ake yi da mutum a zaure cikin mutunci in an saba, ba a tallata shi a duniya ba. Ko da a daji ya gan ta, ya ce ba zai faɗi takamaiman wurin ba, don masu tarko ma suna da waya. Shi ya sa manhajar eBird take ɓoye wurin da aka ga tsuntsayen da ake farauta, shirin ƙidayar Nijeriya kuma ya raba ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye da kwance, ba ya nuna ƙofar kowa.

SHAWARA GA MAI NIYYA

Ɗan'uwa ko 'yar'uwa, in wannan harka ta ba ka sha'awa, bismilla, amma riƙe waɗannan. Ka tambayi lafiyar hanya wurin 'yan gari, in sun ce kada ka je, ka haƙura. Ka fara da mai unguwa ko hakimi, ka nemi ɗan gari ya raka ka, ka kuma sallame shi da kyau. Kada ka saita madubi ko kyamara wajen gida, rijiya, mashaya ko makarantar 'yan mata, kada ka hau mota ko bishiya kusa da katanga. Ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama kuwa, ka bar shi a birni, domin tsakar gidan Bahaushe ba ta da rufi. Kada ka ratsa shukar mutane, ka bi kunya. In da hali ka tafi da iyalinka, mace tana shiga inda namiji ba ya shiga, kuma ganin ku tare yana kwantar da hankalin jama'a. Kafin ka sa hoto a waya ka duba abin da ya fito a gefensa, ka kuma kashe abin da yake nuna wurin da aka ɗauka. In aka ce maka a'a, ka yi godiya, don gobe wani zai zo a bayanka, kuma da halinka za a auna shi.

Su kuma iyayenmu da 'yan'uwanmu na Wurno, Goronyo da Rabah, mun gode da karamci. Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa, ya ba amarya da ango zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya ba mu damina mai albarka. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.